Yadda za ka gane halin Loki

Da farko ka tuno Gizo na tatsuniyar da kaka ke mana da dare a tsakar gida nan Maradi, to Loki na tsofaffin tatsuniyoyin mutanen Sikandinabiya (arewacin Turai) kusan haka yake, kar ka yi saurin sa shi layin mugaye. Shi ya aske gashin Sif matar Thor, allan tsawa a tatsuniyoyinsu, don tsokana kawai, amma garin gyara ɓarnar ne wadanni suka ƙera wa Thor gudumarsa. Sannan ka karanta mutuwar Baldr ɗan Odin, shugaban allolinsu, nan kam wallahi raina ya ɓaci, Loki ne ya miƙa wa wani makaho reshe, makahon ya jefi Baldr da shi ya mutu.

Sai bayan nan ka kalli fim ɗin Thor na 2011, ka lura da fuskar Tom Hiddleston, wanda ya fito a matsayin Loki, sadda ya gano ba Odin ya haife shi ba.