Idan Injin Mota Mai Ɗakin Kwana Ya Ɗauki Zafi

Motocin nan masu ɗakin kwana da kicin, waɗanda ake yawon hutu da su a Amurka da Turai, nauyi gare su, shi ya sa injinsu ke saurin ɗaukar zafi a hawan tudu. Da ka ga allurar zafi ta doshi ja, ga abin yi.

1. Gangara gefen titi ka kashe injin.

2. Ka ba shi aƙalla minti 30. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, domin ruwan ciki a matse yake, zafinsa kan haura digiri 100, kuma fuska yake nufa idan ya yi tsartuwa. Ko ya huce, sa tsumma ka murɗa a hankali.

3. Duba ruwan. In ya ragu, ƙara ruwan sanyaya inji da aka haɗa rabi da rabi da ruwa mai tsabta, sannan ka leƙa ƙarƙashin mota ko tiyo na ɗiga.

4. Taɓa fanbel ka ji ko ya saki.

5. In fankar ta lantarki ce kuma ba ta juyawa, fara da fis. Zaro shi ka ɗaga a haske. In siririn ƙarfen ciki ya tsinke, sa sabo mai lamba ɗaya da shi. Masu ɗaura waya a madadin fis, gobara suke saye.

6. Haska tocila a haƙarƙarin lagireto. A manyan masu dizal da injinsu ke baya, ƙura da maiƙo kan toshe shi sarai. Wanke shi da ruwa marar ƙarfi.

In baƙin man injin ya koma kalar shayi da madara, kada ka sake tayarwa, kira bakanike.