Masu shirin tafiya Kanada: idan abokin zama ya ce ka riƙa fesa wa shukarsa ruwa

Jiya a wajen mai shayi a Bauchi Road wani ƙanenmu da bizarsa ta karatu ta fito yake cika baki wai shi ɗan Jos ne sanyi ba zai ba shi tsoro ba, na ce masa toh Malam ba sanyin ne zai fara kama ka ba, bushewa ce. Ni Kalgari na zauna a lardin Albata, kuma hunturun da muke kuka da shi a nan watan Disamba da Janairu wasan yara ne. A can waje sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifili, ciki kuma hita na aiki dare da rana tana ƙone ɗan danshin da ya rage, sai ka tashi da asuba maƙogwaro kamar ka haɗiyi toka, leɓe ya tsage, wasu har haɓo suke, ka taɓa hannun ƙofa ya ja ka kamar lantarki. Ka tafi da man kaɗanyarka.

To wannan bushewar ce ta haɗa ni da maganar da nake son yi. Gidan da na fara kama haya mu uku ne, ɗaya Bature, a ɗakinsa akwai wani ɗan tanti mai zif da fitila a ciki, ni da na zaci akwatin kaya ne. Ranar da zai yi tafiyar sati biyu ya kira ni ya buɗe, tukwane huɗu na wiwi sun yi fure, ya miƙo min ƴar kwalbar feshi wai don Allah safe da yamma in fesa musu saboda iska ta bushe. Gabana ya faɗi wallahi, don mu a gida wannan ganyen NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kawai yake tuna maka.

Shi bai karya doka ba. Tun 17 ga Oktoba 2018 Kanada ta halasta wiwi ga manya, ana iya shuka guda 4, amma lura, 4 ɗin na gida ne gaba ɗaya ba na kowane mutum ba, kenan idan wani a gidan ya ƙara tukunya ta biyar an wuce iyaka, kuma kai ma a gidan kake kwana da takardar karatu a aljihu. Lardin Kwibek ma gaba ɗaya ya hana shukawa a gida. Sannan mai gidan haya yana iya rubuta a yarjejeniya cewa bai yarda ba, shi ya sa nake cewa ku karanta takardar nan kafin ku sa hannu, ku kuma tambayi waɗanda za ku zauna da su tun kafin ku biya.

Na ce wa Baturen nan a'a, addinina da tarbiyyata ba su ba ni ba, kuma bai ji haushi ba ko kaɗan, su a can in ka faɗi gaskiya kai tsaye an wuce wajen, kunyar nan tamu ta "toh bari mu gani" ita ke jefa mu a rami. Wani abokinsa ya riƙa zuwa yana fesawa. Da ya dawo furen ya ruɓe daga ciki, wata fumfuna toka-toka ta cinye shi, da ni na karɓi aikin da ni za a ɗora wa.

Abin bai ba ni mamaki ba, duk wanda ya taso kusa da ƴan lambu ya san ruwa a kan fure da ganye ba alheri ba ne. Tambayi masu kawo kaya kasuwar Farin Gada ta Jos me ya sa tumatirin rani ya fi na damina lafiya, ko manoman dankalin Turawa a Bokkos da Mangu yadda cutar ganye ke gama da gona idan ruwa da hazo suka yi yawa. Shuka ta saiwa take sha. Feshin nan minti kaɗan ne ya bushe a iska, amma wanda ya maƙale cikin fure yana nan har dare, fumfuna ta samu gida. Na faɗi haka ne don da yawanku kewar miya za ta sa ku dasa attarugu ko tumatir a tukunya bakin taga, ni ma na yi. In ya fara fure kar ka fesa, zuba a gindi idan ka tsoma yatsa ka ji ƙasa ta bushe, ka matsar da shi daga bakin hita. Ruwan famfon Kalgari ma yana barin farin tabo a ganye. Idan ɗakin ya bushe da yawa akwai ƴar na'urar da ke fitar da tururi, ita za ta taimaki shukar da hancinka, danshi tsakanin kashi 30 zuwa 50 ya isa, in ka ga gilashin taga na zufa ka rage, kar bango ya yi baƙi mai gida ya riƙe kuɗin ajiyarka.

Halascin wiwin nan fa a boda yake tsayawa. Fita da wiwi daga Kanada ko shiga da ita laifi ne ko da ƙwaya ɗaya ce, har alewa da man da ake yi da ita. Amurka a dokar tarayya har yanzu haramun ce, jami'in boda zai iya mayar da baƙo don kawai ya amsa cewa yana sha. Jamus ta sassauta daga 1 ga Afrilu 2024, tukunya 3 ga babba, Ingila kuwa ba ta halasta ba, balle Saudiyya ko Dubai inda jirginka zai iya yada zango. In za ka zo hutu kar ka karɓi saƙon kowa a rufe, ko na ɗan uwa ne buɗe ka gani, kuma jakar da ka taɓa ara wa abokin zama ka zazzage ta aljihu-aljihu kafin ka sauka a filin jirgin Abuja.