Yadda zaka yi tafiya kai kaɗai daga Maradi zuwa Damagaram

In ka haura shekara 40 kana jin kanka ya cushe da hidimar gida da kasuwa, ɗauki mota ka fita kai ɗaya. Damagaram ta isa, kusan kilomita 240 ne kan kwalta.

Tun jajibiri ka kai ta wajen bakanike ya duba birki da taya, takardu kuma su zauna kusa saboda jandarmomi. Ka sallami uwargida da kyau, kar ka sulale kamar ɓarawo.

Bayan asuba zaka tashi. Kana zama ka karanta addu'ar hawa abin hawa, ka kashe rediyo, waya ma ka kife ta, don wallahi in ka bar WhatsApp a buɗe to da jama'a kake tafiya ba kai kaɗai ba. Daga nan zuwa garin Cadawa kar ka roƙi Allah komai, lissafin ni'imominsa kawai: lafiyarka, yaran da suka girma, bashin nan da ka ɗauka bazai biyu ba kuma ya biyu, kowanne ka bi shi da Alhamdulillah. Da farko zaka ji abin wani iri, hankali na ta komawa shago, ka kyale shi zai dawo.

A Tasawa ka tsaya shan shayi. Ni can na ga wani tsoho da jaki ya jiƙa busasshen burodi yana ci yana dariya, kunya ta kama ni sosai.

Azahar raka'a 2 zaka yi, kasaru ta halatta tunda tafiyar ta wuce kilomita 80. Dare kuwa kar ka tuƙa, dabbobi na tsallaka hanya.