Yadda ake riƙon shukokin gida a lokacin bazara

Daga Maris zuwa Mayu, kafin damina ta sauka, zafi a Sakkwato, Maiduguri da Kano kan haura digiri 40. Mai 'yar gadina a bayan ɗaki sai ya ɗauka maganin abin shi ne ƙara ruwa, alhali ruwan nan a hannun 'yan garuwa ake sayensa, jarka-jarka. Dabarar ita ce ka hana rana shanye wanda ka zuba.

Fara da lokacin ban ruwa. Bayan sallar asuba ya fi, ko kuma dab da magariba idan ƙasa ta huce. Na tsakar rana asara ne. Ka yi wa kowace shuka ɗan kwari a gindi kamar bakin akushi, ka zuba a hankali har ya ratsa ƙasa. Yayyafi a kan ganye na sa saiwa ta tsaya a sama-sama, inda zafi zai fara ƙona ta.

Sai rufe ƙasa, wanda a ganina shi ne rabin aikin. Ka samo buntun shinkafa, ko busasshiyar ciyawa, ko ganyen darbejiya da aka share a ƙofar gida, ka shimfiɗa a gindin shuka, kaurinsa kamar yatsu huɗu. Kada ya manne da jikin karan, bar ɗan fili. Da yamma tura yatsa a ƙarƙashi, za ka ji sanyi da laima, gefen da ba a rufe ba kuwa ya tsattsage. Matsalarsa guda ce: gara. Ka riƙa ɗaga shimfiɗar kana dubawa, ka barbaɗa toka idan ka ga ta fara gini.

Gwanda, gwaiba da lemun tsami da ba su yi ƙwari ba, binne musu tulun ƙasa a gefe, wanda ba a shafe shi da fenti ko siminti ba, ka bar bakinsa a waje. Cika shi, ka rufe da murfi saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun kai tsaye zuwa saiwa.

Kada ka wahalar da kanka da tumatir yanzu. Zafi na kakkaɓe furensa, lokacinsa hunturu ne. Kuɓewa, rama, yakuwa da zogale su ne masu haƙuri. Alayyafo yana son rumfar zana ko ta tsohon buhu daga ɓangaren yamma. Takin zamani a jinkirta shi sai ruwa ya sauka, don a busasshiyar ƙasa ƙona saiwa yake yi. Ruwan alwala da na wanke shinkafa duk a tara a bokiti a ba shuka, banda mai omo.

Ba shuka kaɗai zafin ke takura wa ba: a cikin gida, rufe tagogin da rana ke duka, ka buɗe su da dare, musamman da yake lokacin sanƙarau ne, cunkoso a ɗaki marar iska ba shi da kyau. Naɗe randa da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Kayan miya kuma ga dabarar sanyaya su da wani malamin makaranta, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a Jigawa, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000: sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, cika tsakaninsu da yashi, jiƙa shi safe da yamma, zuba kayan miyan a ƙaramar, ka lulluɓe da ɗanyen tsumma a inda iska ke kaɗawa.