Yadda Ake Gane Inda Narkakken Dutse Ya Huce Ya Daskare

Narkakken dutsen da ke cikin ƙasa shi ake kira magma, idan kuma ya ɓullo sarari ta bakin dutse mai aman wuta ko ta wata tsaga sai a kira shi laba. Duk dutsen da ya samu daga ɗayansu yana ɗauke da shaidar yadda ya huce a jikinsa, kuma ana iya karanta wannan shaida da guduma, da gilashin ƙara girman abu, da ɗan haƙuri.

Da farko a sa tabarau don kare ido, sannan a fasa gefen dutsen, domin bayansa da rana da ruwan sama suka daɗe suna ci ba ya nuna ainihin kamarsa. A jiƙa sabuwar fuskar da ruwa, a juya ta a cikin haske, a duba girman ƙwayoyin da ke ciki. A ganina wannan mataki ya fi sauran muhimmanci. Idan ƙwayoyin manya ne har ido yana rarrabe su, kuma sun sarƙe da juna babu rata, to magma ce ta huce a hankali can ƙarƙashin ƙasa cikin dubban shekaru, har ma'adinai suka sami lokacin girma. Giranit shi ne sanannen misali: za a ga ƙwayoyi masu kama da gilashi, da wasu farare ko jaja-jaja, da ƙananan baƙaƙe masu walƙiya idan an karkata dutsen. Idan kuwa ƙwayoyin sun yi ƙanƙanta har sai da gilashi ake ganinsu, to laba ce ta huce da sauri a sarari ko a cikin teku, kamar basalt, wanda ke fitowa da zafin da ya kai digiri 1,100 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyas. Akan kuma sami dutse mai manyan ƙwayoyi jefi-jefi a cikin jiki mai laushin ƙwaya, wanda ke nufin ya fara hucewa a ƙasa kafin aman wuta ya turo shi waje ya ƙarasa daskarewa.

Wani lokaci laba kan huce da sauri sosai har babu ƙwaya ko ɗaya. Obsidiyan baƙi ne sumul, gilashi ne na halitta, kuma bakinsa yana yanka hannu, don haka a riƙe shi da hattara. Fumis kuwa kumfa ce da ta daskare iskar gas na cikinta; a jefa shi a ruwa, sau da yawa zai yi iyo.

Daga nan a duba launi da nauyi. Dutse mai duhu da nauyi yawanci yana da ƙarfe da magniziyam da yawa, silika (sinadarin da ya fi yawa a cikin yashi) kaɗan, mai haske kuma silikarsa ta fi yawa. Wannan bambanci ne ke yanke siffar ƙasa, don haka sai a ɗaga kai a dubi wurin gaba ɗaya. Laba mai ƙarancin silika tana da ruwa-ruwa, tana malala nesa, ta gina tudu mai faɗi wanda gangarensa ba shi da tsanani, irin Mauna Lowa a Hawai. Mai yawan silika tana da kauri, tana riƙe iskar gas, shi ya sa amanta ke zuwa da fashewa, ya tara toka da laba hawa-hawa har a sami tsauni mai tsini.

Inda aka ga ginshiƙan dutse a jere, galibi masu gefe shida, laba mai zurfi ce ta tsuke yayin hucewa ta tsattsage, kamar yadda laka ke yi idan tafki ya ƙafe. A gaɓar tekun Arewacin Ayalan akwai irin waɗannan ginshiƙai kusan 40,000. Idan kuma aka ga wani layin dutse mai duhu ya ratsa tsoffin duwatsu a tsaye, magma ce ta kutsa cikin tsaga ta daskare a nan, saboda haka ya fi waɗanda ya ratsa ƙuruciya. Tudun giranit da ke tsaye a fili ya samu ne a ƙarƙashin ƙasa, zaizaya ce ta kwashe abin da ya rufe shi a tsawon miliyoyin shekaru. Wasu siffofin kuwa a gaban idon mutane suka samu, kamar tsibirin Surtsi da ya ɓullo daga teku a kudancin Aisland a 1963.