Yadda zaka zaɓa tsakanin .375 H&H da 9.3x62 in zaka farautar ɓauna da yamusa

Duk shekara da an shiga Disamba an buɗe farauta a zon-zon ɗin (yankunan da aka ware don farauta) da ke kewaye da gandun dajin Binuwai da Faro da Buba Njida a arewacin Kamaru, gardamar nan sai ta tashi, wani yace .375 ce uwar karabin (bindigar farauta mai harsashi ƙwaya ɗaya), wani yace shi 9.3 ta ishe shi, wani kuma ya rantse in ba .416 ba bazai tunkari ɓauna ba. To ɗan'uwa abin da zan gaya maka shine, harsasan da suka yi kusa da juna, bambancin lambobinsu a jikin kwalin harsashi ya fi bambancinsu a jikin dabba nesa ba kusa ba. Abubuwan da ke raba su a dajinmu daban ne, kuma su ya kamata ka bi kafin ka zuba kuɗinka.

Fara da doka, don ita kaɗai zata rage maka rabin aikin. Dokar 1995 da ta tsara harkar namun daji a Kamaru ta raba permi, wato takardar izinin farauta, gida uku ne bisa faɗin bakin bindiga: ƙaramar farauta da bindigar tsuntsu ko karabin da bata kai milimita 6 ba, matsakaiciya daga 6 zuwa 9, babbar farauta kuma, wadda ɓauna da yamusa (ƙaton ɗan'uwan gwanki da Turawa ke kira Derby eland) ke cikinta, sai abin da ya haura milimita 9. Kaga kenan .338 Winchester Magnum da 8x68S, duk da ƙarfinsu, sun faɗi tun a nan, don .338 milimita 8.6 ce. Ita kuwa 9.3x62 ta haye. An yi sabuwar dokar gandun daji da namun daji a 2024, saboda haka ka leƙa ofishin MINFOF, ma'aikatar gandun daji da namun daji, a Garwa ka ji tsarin bana da kason kowace dabba, sannan takardar mallakar bindiga da ta sayen harsashi su ma daban suke, ba permin farauta ke ba ka su ba. Cikin fak kuma, wato gandun dajin da aka killace, babu harbi sam, sai a zon, tare da gid, wato jagoran farauta, mai lasisi. Wanda ya ga kisan da masu farautar sata suka yi wa giwayen Buba Njida a farkon 2012 bazai yi wasa da wannan maganar ba.

Sai ka ɗauko kwali biyu ka ajiye gefe da gefe. Abu na farko, kada ka gwada harsashi mai nauyi na wannan da marar nauyi na wancan, nan ne mutane ke ruɗar kansu. Nauyin aiki na 9.3x62 shine giram 18.5, a kwali zaka ga 286 gr (gr ma'aunin nauyin harsashi ne), yana fita da gudun kusan mita 720 a daƙiƙa. Na .375 H&H giram 19.4 ne, wato 300 gr, gudun kusan mita 770. In kana son sanin ƙarfin da kanka, ka mayar da nauyin kilo, ka ninka da gudun sau biyu, ka raba biyu, zaka samu kusan jul (ma'aunin ƙarfi) 4,800 a 9.3, kusan 5,750 a .375. Eh akwai tazara, ba ƙarya. Amma dubi faɗinsu, 9.3 da 9.5, bambancin bai wuce kaurin takarda biyu ba. Kuma akwai wani lissafi da maharba ke yi na nauyin harsashi a kan faɗinsa, shi ke nuna yadda zai nutsa cikin nama da ƙashi, to a wannan lissafin su biyun 0.305 suke, daidai wa daida. Shi yasa in an feɗe ɓaunar da aka harba da kyau a kafaɗa daga mita 60, da wuya mai fiɗa ya gaya maka da wacce aka harbe ta.

Ita 9.3x62 ai ba baƙuwa bace a ƙasar nan. Wani maƙerin bindiga a Balin mai suna Otto Bock ne ya ƙirƙiro ta a 1905 saboda Jamusawan da ke zaune a ƙasashen da suka mallaka a Afirka, kuma a lokacin Kamaru tana hannunsu. Ya yi ta ne yadda zata shiga Mauser 98 ta yau da kullum, bindiga mai araha da bata jin ƙura. Ita kuma .375 kamfanin Holland & Holland na Landan ne ya fito da ita a 1912, kwansonta dogo ne, ya haura milimita 72, don haka sai bindiga mai dogon kulas (ƙarfen da ake ja ya ɗura harsashi ya fid da kwanso), ta fi nauyi, ta fi tsada. Wannan nauyin ka sa shi a lissafi. Yamusa ba a zaune ake samunsa ba, sawu ake ɗauka da sassafe a wurin gishiri ko bakin ruwa, a bi shi cikin dajin doka da baushe har rana ta take, wani lokaci har la'asar, kuma dabba ce da ko tana kiwo tafiya take. Rabin kilo a kafaɗa da ƙarfe bakwai na safe ba komai bane, da ƙarfe biyu na rana kuwa zaka san kana ɗauke da shi. Sannan sau da yawa 9.3 tana cin harsashi ɗaya fiye da .375 a cikinta.

To ina .375 ta fi? A nisa. In ka saita su biyun a mita 100, zuwa mita 200 9.3 zata fi yin ƙasa da 'yan yatsu, daga nan kuma tazarar sai ƙaruwa take. A Janairu da Fabrairu bayan an ƙone ciyawa daji ya buɗe, gwanki ko yamusa kan tsaya can nesa yana kallonku ta cikin hazo, ba zai bari ku matso ba, a irin wannan .375 da harsashin 270 gr tana tafiya kusan yadda .30-06 ke tafiya, kuma hakan na da amfani sosai. Na biyu kuma samuwa. Kusan duk kamfanin harsashi a duniya yana yin .375 H&H, kuma da wuya ka shiga sansanin farauta baka tarar da ita ba, in naka ya ƙare ko ya maƙale a hanya akwai inda zaka nufa. Akwai kuma ƙasashen Afirka da .375 ce mafi ƙanƙantar da suka yarda da ita ga dabbobi masu haɗari, in kana da niyyar fita waje wata rana ka tuna da wannan.

Za a kawo maka maganar .375 Ruger, wadda Ruger da Hornady suka fito da ita a 2007. Harsashi ne mai kyau, kwansonsa gajere mai kauri, yana shiga bindiga marar dogon kulas, gudunsa ma ya ɗan ɗara na H&H. Matsalarsa ɗaya, ina zaka samu? Ka tambayi dilan makamai masu izini a Duwala ko Yawunde tukuna, in sun ce sai an yi oda, to ka san amsar. Haka 9.3x64 Brenneke, ƙarfinta ya kamo .375, amma nemanta wahala. Kuma dan Allah ka riƙe wannan da kyau: suna ya yi kama ba shine sun zama ɗaya ba. .375 Ruger ba ta bindigar .375 H&H bace, 9.3x62 da 9.3x64 da 9.3x74R kowacce da ɗakinta, wato gurbin da harsashi ke zama a cikin bindiga. Ka karanta abin da aka buga a jikin bututun bindigarka, ka karanta na gindin kwanso, in ba harafi da harafi suka yi daidai ba kada ka cusa.

Yanzu zafi, wanda mu ya fi shafa. A Maris da Afrilu Garwa na haura digiri 40, harsashin da ya wuni a kan dashbod ko cikin bindigar da aka jingine a rana kuwa ya fi haka zafi, kuma albarushi in ya ɗau zafi matsinsa na ƙaruwa. Alamar ita ce ka harba kazo ɗaga kulas ka ji ya cije. Ka yi tunanin hakan ya same ka ɓauna na kallonka. Iyakar matsin 9.3x62 bar (ma'aunin matsi) 3,900 ne, na .375 H&H 4,300, amma ita H&H kwansonta a tsuke yake zuwa gaba, don haka shiga da fitarsa sumul. Wannan maganar ita ce ke raba .416 guda biyu. Rigby ta 1911 da Remington ta 1988 duk giram 26 suke jefawa da gudun kusan mita 730, dabba bazata taɓa bambance su ba, amma Rigby da ƙaton kwansonta a bar 3,250 take aiki, Remington kuma 4,300. A zafin Faro ni Rigby zan ɗauka, duk da bindigarta ta fi girma kuma harsashinta ya fi tsada. Amma gaskiya .416 ta gid ce da ke tsaye bayanka don tsayar da dabbar da ta taso, ɓaunarmu ta nan bata kai ta kudancin Afirka jiki ba, mai harbin farko baya buƙatar wannan duka.

Abin da ya fi duk waɗannan, kafaɗarka. Dukan da .375 ke yi wa kafaɗa ya kusa ninka na .30-06 sau biyu, na .416 ya doshi sau uku, 9.3 kuma tana tsakanin .30-06 da .375, kuma nata turi ne ba mari ba. Mutane basa son a faɗi wannan, kowa cewa yake shi baya jin komai. To ga yadda ake ganewa. Ka samu sanduna uku ka ɗaure kansu da roba irin wanda masu bin sawu ke kafa maka a daji, ka kafa kwali a gaban suri ko gangaren ƙasa a mita 100, a wurin da gid ya yarda, ka zana da'ira mai faɗin tafin hannu da yatsu a buɗe. A tsaye zaka harba, ba a kwance ba, ba a kan tebur ba. Abokinka ne zai riƙa ɗura maka yana juya maka baya, wani lokaci ya sa harsashi wani lokaci ya bar ta wayam bai gaya maka ba. Ranar da ka ja kunama a kan wayam, a nan gaskiya ke fita: in bakin bindiga ya duƙa ƙasa, idonka ya ƙifta, kafaɗa ta zabura gaba tun kafin ƙara, to bindigar ta fi ƙarfinka a yanzu. Ka yi haka da kowacce cikin biyun a rana daban. Wadda ka zuba uku a cikin da'irar ba tare da zabura ba, ita ce taka, ko da kwalinta ya fi ƙaramin lamba.

Dalilin da yasa na dage a nan, ba kai ke gaba ba in an raunata dabba. Ɓaunar da aka sama a ciki ko a cinya ciyawa mai tsawo take shiga a bakin rafi ta laɓe, kuma mai bin sawu ne zai sunkuya yana duban ɗigon jini a ganye, sanda kawai a hannunsa, mutum mai mata da 'ya'ya a ƙauye. 9.3 a huhu ta fi .416 a tumbi sau dubu. In ta ba ka gefe, ka bi ƙafar gaba ka hau, ka tsaya a kashi ɗaya cikin uku na jiki daga ƙasa. In ta karkace ko ganye ya rufe kafaɗar, ka haƙura, a sake bi.

Kan harsashin shi ma ya fi sunan kalibar muhimmanci. Mai laushi na araha da aka yi don barewar Turai fashewa yake a ƙashin kafaɗar yamusa, dabbar da namijinta kan doshi kilo 900, ya bar rauni a sama bai kai huhu ba. Ka nemi wanda ke buɗewa amma ya riƙe nauyinsa, irin su Swift A-Frame, Nosler Partition, Norma Oryx, ko Barnes TSX wanda jan ƙarfe ne zalla. Na farko a ɗaki ya zama irin wannan. Masu daskararren kai da basa buɗewa wasu gid na son a sa su a ƙasa don harbi na biyu in ɓauna ta juya baya, amma a cikin garke haɗari ne don sukan ratsa su sami ta bayanta, ka bi abin da gid ɗinka yace. In zaka haɗa iri biyu, ka tabbatar a kwali wuri ɗaya suke faɗawa.

Na matsakaiciyar farauta, su kanki da mariya da mazo da gadu, ba sai an ja magana ba. .30-06 da .308 da 7x64 duk aiki ɗaya suke a nisan da muke harbi, ɗauki wadda harsashinta ke kusa da kai. .300 Winchester Magnum ƙarin ƙara ne da ƙarin duka a kan ribar da sai bayan mita 250 zaka ganta.

In ka matsa min sai na zaɓa, mutumin da bindiga ɗaya zai saya ya riƙe har tsufa, kuma gwajin sanduna ya nuna yana iya mata, .375 H&H. Wanda jikinsa ba babba bane, ko bai saba da manyan karabin ba, ko tafiyar yamusa ce a gabansa, 9.3x62 da harsashin 286 gr mai kyau, kuma kada ya bari kowa ya raina masa ita. Kowacce ka ɗauka, ka sayi harsashin kakar gaba ɗaya iri ɗaya lamba ɗaya, ka zagaya da kowane ɗaya ta cikin kulas a wuri mai aminci ka ga yana shiga yana fita, ka ajiye su a inuwa. Hanyar Cholire da ta Poli kuma girgizarsu na kwance dunƙulen lunet (madubin saiti da ke kan bindiga), don haka da ka sauka a sansani, kafin a fita sawu na farko, ka ɗaure su ka sake harba biyu a kwali.