Yadda ake shuka dankalin Hausa a buhu a Legas

Duk mazaunin Agege ko Idi-Araba ya san fili ya fi kuɗi wuyar samu, tsakar gida ma siminti ne. To dankalin Hausa ba sai da gona ba. Buhun shinkafa mai kilo 50 ya ishe shi, muddin rana na samun sa kamar awa shida.

Fara da huda buhun, gindi da gefe, ka ɗora shi kan bulo biyu. Ruwan Yuni da Yuli a Legas ba irin na Kano ba ne, in ya kwanta a buhu saiwa ruɓewa take yi.

Sai ka haɗa baƙar ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, taki kashi ɗaya. Ana samun kashin shanu wajen mayankar Oko-Oba, amma ka bar shi ya bushe ya huce tukuna. Ni karon farko ɗanyen kashin kaji na labta, ganye ya yi kore shar har ya haura katanga, maƙwabta na ta sam barka. Ranar tono na samu 'ya'ya kamar yatsun hannu.

Reshe ake dasawa. In ba ka da mai ba ka, sayi dankali lafiyayye a Mile 12, ka binne rabinsa a ƙasa mai danshi, cikin 'yan makonni zai yi tofo. Yanko reshe mai tsawon santimita 30, tsinke ganyen ƙasa, ka binne gaɓa uku a ɗan karkace, kan yana waje. Reshe uku ya isa buhu ɗaya. Dasa da yamma.

Makon farko ruwa kullum, daga nan sai in saman ƙasa ya bushe. In ka ga ƙasa ta tsage, cike ta nan take, ta nan ƙwaro ke shiga ya huda dankalin ya sa masa ɗaci.

Bayan wata uku zuwa huɗu ganye zai fara rawaya. Dakatar da ruwa mako guda, sannan ka farke buhun ta gefe, ka tona da hannu don kada ka ji masa ciwo. Baza shi a inuwa kwana biyar kafin a dafa, ya fi zaƙi.